Lissafin Tiya Kafin Lissafin Naira

Ɗana, na ji kukanka, kuma na san ba raki ba ne. Ka ce albashi ba ya kai ka tsakiyar wata, shinkafar da ka noma ta ƙare tun ruwa bai zauna ba, ga mai ɗakinka da goyo, ga ƙannenka da marigayi yayana ya bari a hannunka. Ba ni da dukiyar da zan ɗauke maka wannan nauyi. Abin da nake da shi magana ce, ka ɗauki wadda ta yi maka, ka bar mini saura.

Da farko ka daina zargin kanka da lalaci. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai ta yi ƙasa. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Gwamna Nasir Idris ya kai mafi ƙarancin albashi a Kebbi naira 75,000, an gode, amma kai da ke zuwa kasuwa ka san inda kuɗin ke tsayawa. Ba kai ka jawo wannan ba. Sai dai sanin haka ba zai ciyar da yara ba, don haka mu koma kan abin da ke hannunka.

Mu mutanen Illo halinmu ya bambanta da na mutumin Birnin Kebbi ko Jega. Shi da kuɗi iri ɗaya yake kwana yana tashi, mu kuwa da biyu. Tun zamanin da fatake ke ƙetare kogin Kwara ta wannan yanki za su Gwanja ɗauko goro, tun Illo na cikin ƙasar Bargu Turawa ba su haɗa mu da Gwandu ba, kasuwarmu ba ta taɓa zama tamu mu kaɗai ba. Daga Lolo ka miƙa sai Malanbil, ƙetaren ruwa ga Gaya, ta Tsamiya kuma sai Segbana. Mutanen can sefa suke riƙewa, ita kuwa sefa an ɗaure ta a jikin yuro, ba ta rawa yadda naira ke yi. Jakar sefa da ake canzarwa a kan naira dubu da 'yan kai a farkon 2023, a 2024 ta wuce 2,000. Ka ga kenan duk ranar da naira ta faɗi, buhunka ya yi wa mai sefa araha ko da kai kana ganin ka sayar da tsada. Shi ya sa da kaka suke zuwa da kuɗi a hannu, ba sa ja-in-ja, mutum ya koma gida aljihu cike yana murna. Wata huɗu, kuɗin sun narke, hatsin kuma yana wata ƙasa.

Ga kuma iyakar kanta, wadda ba ta da tabbas. An rufe ta a Agustan 2019, ba a fara buɗe wasu ƙofofin ba sai Disambar 2020, a tsakani har aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. A farkon 2023 canjin takardun naira ya sa mai kuɗi a banki ya kwana da yunwa. A Yulin shekarar sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka sake garƙame hanyoyi, manyan motoci suka yi jerin gwano a Malanbil. Duk hukuncin da aka yanke a Abuja ko Kwatano ko Yamai, a tukunyarmu yake fara sauka. A cikin duk waɗannan shekaru na lura da abu ɗaya: gidan da ke da hatsi a rumbu ya ji jiki amma bai wulaƙanta ba. Wanda ya wulaƙanta shi ne wanda arzikinsa duka takarda ne.

Saboda haka ka fara lissafin gidanka da tiya, ba da naira ba. Ka ce wa mai ɗakinka ta riƙa auna abin da ke shiga tukunya har mako guda, ba tare da ta rage ko ta ƙara don ta faranta maka ba. A ce gidan yana cin tiya ɗaya a yini, tsakanin tuwo da kunu da fura. Babban buhun gero yana ɗaukar kamar tiya 40, wato kwana 40. Shekara ta ci buhu tara da ɗan ɗori. Ka ƙara ɗaya saboda baƙo da maƙwabci da almajiri, don gidanmu ba a taɓa rufe ƙofa lokacin cin abinci ba, kuma ba a kanka za a fara ba. Idan shinkafa ce shanshera, ka tuna kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta yana tafiya a ƙaiƙayi da dusa in an cashe. Mutane da yawa a nan suke ruɗuwa, su ƙirga buhunan shanshera su ɗauka abinci ne duka. Wannan adadi da ka samu shi ne ainihin kasafin gidanka. Albashi bayansa yake zuwa.

Idan kaka ta yi, akwai tsarin da magabatanmu ke bi tun a masussuka. Zakka ce farko, in amfanin ya kai nisabi: ushiri ga abin da ruwan sama ko ambaliyar fadama ta shayar, rabin ushiri ga wanda ka shayar da inji da kuɗinka. Ka tambayi liman ya faɗa maka buhu nawa ne nisabin a ma'auninmu. Sai bashin da ke kanka. Sai iri, ka zaɓe shi daga inda ya fi kyau, ka ɗaure shi daban a inda hannu ba ya kaiwa. Sai na ci, gwargwadon lissafin nan. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na sayarwa, ko buhu biyu ne. Abin da ke faruwa yanzu shi ne an juya tsarin: a sayar tukuna don a gyara babur, a sayi waya, a yi ɗinki, abin da ya rage a ce shi ne na ci. Sai watan Yuli ya samu manomin shinkafa a bakin shago yana auno rabin mudu da farashin da ya ninka wanda ya sayar.

Kada ka ji wannan ka ɗauka cewa nake yi ka zama mai ɓoye hatsi don cin riba. Wannan wata sana'a ce, kuma tana da haɗarinta. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara da alkama da shinkafa da wake, a 2025 farashin hatsi ya karye, waɗanda suka cika ɗakuna da buhuna suna jiran tsada da yawa sun tafka asara, wasu ma da kuɗin aro. Kai ba ka da wannan ƙarfi. Abin da za ka ci kake ajiyewa, shi kuwa ko farashi ya hau ko ya sauka, amfaninsa a cikin yaro ɗaya ne.

Ajiyar ma sai da kula. Shinkafa ta fi daɗewa a shansherarta in ta bushe sosai, a riƙa cashe ta kaɗan-kaɗan. Gero da dawa sun fi zama a dami. Wake kuwa ka nemi buhun nan mai ruɓi uku da ke hana iska shiga, ƙwari su mutu da kansu, ka rabu da zuba maganin da ba ka san sunansa ba a abincin da 'ya'yanka za su ci. Kuma wanda ya ga ambaliyar 2020, yadda ta shafe gonakin shinkafa a faɗin jihar nan, ba sai an ce masa ya yi rumbu a kan tudu ba.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, ka yi haƙuri da ni a kanta. Ka zaunar da mai ɗakinka ka faɗa mata gaskiyar abin da kake samu. Na san yadda muka taso, namiji ba ya faɗin albashinsa, wai kada a raina shi. Wannan ɗabi'a ta yi a lokacin da albashi ke isa. Yau matar da ba ta san abin da ke aljihun mijinta ba tana yi masa lissafi ne da abin da take zato, zaton nan kuma kullum ya fi gaskiya yawa. In ka ce babu, ta ce rowa ce, ko wata kake nema. In ka fita da safe ba ka bar kuɗin cefane ba, ba za ta bar yara su ci tuwo gaya ba, za ta ɗebi mudu biyu a buhu ta aika yaro ya sayar, ta sayi mai da gishiri. Ba sata ta yi ba, gidanka ta rufa wa asiri. Amma haka buhun kwana 40 ke ƙarewa a kwana 25, kai kana zargin ɓera, ita tana jin haushinka, babu wanda ya yi wa wani magana. Ka nuna mata buhunan, ka ce ga abin da zai kai mu kaka in Allah ya yarda, ga kuma kuɗin cefanen mako, ba yawa amma ba zai yanke ba. Kuɗin mako ya fi na kullum albarka, don tana iya sayen abu a dunƙule ranar kasuwa. Sannan ka ba ta mabuɗin ɗakin ajiya. Macen da aka ba amana ta fi ka iya tattali, don ita ce ke tsaye a gaban murhu.

Miya ce ke cinye tsabar kuɗi, ba tuwo ba. Iyayenmu mata ba su san sayen kayan miya kullum ba. Lokacin da kuɓewa ta yi yawa har ana zubarwa, su yanka su shanya. Kuka a daka a cika tulu. Tumatir da tattasai a yi kauɗarsu da rani lokacin da kwando ya yi araha, albasa ma a saya sa'ad da ta Aliero ta cika kasuwa. Ga ɗorawa da kaɗanya Allah ya hore wa ƙasar nan, wato daddawa da man kaɗe. Ga kifi a Kwara, ƙananan nan da masunta ke bayarwa da araha in kamu ya yi yawa, in aka yi bandarsu aka daka, cokali biyu ya gyara tukunya. Bayan ɗakinku kuma akwai filin da zai ɗauki zogale da rama da yakuwa, ruwan wanke-wanke ya ishe su. Ban ce a daina sayen dunƙulen shago ba, kada surukata ta ce tsoho ya shiga mata madafa. Cewa na yi kada ya zama in babu shi ba a yin miya.

In tana da sana'a, ko turara shinkafa ko ƙuli-ƙuli ko kiwon kaji, jarinta nata ne, shari'a ba ta ɗora mata ciyar da gida ba. Abin da ta taimaka da shi kyautatawa ce, ka gode mata da baki. In ka ara, ka kira shi aro, ka kuma biya. Gidaje da yawa sun rasa ƙafarsu ta biyu saboda maigida ya cinye jarin matarsa da sunan anjima zan mayar. Adashinta ma kada ka sa masa ido.

Sai bashi. Hausawa sun ce kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci, a garin nan kuwa ba karin magana ba ce kawai, abin da ke faruwa ne duk damina. Mutum ya matsu a watan Agusta, ya je wurin mai kuɗi ya karɓi kuɗin buhu a kan zai biya da hatsi in an girbe, a farashin da ba ya kai rabin abin da buhun zai yi. Tun shinkafa ba ta fid da kai ba ta zama ta wani. Baɗi kuma sai ya fi bana matsuwa, ya koma. Na ga gonakin gado sun bar hannun masu su ta wannan hanya, ba fari ba ambaliya. Bashin waya da ake tallatawa yanzu, a danna a ga kuɗi, shi ma ɗan'uwansa ne, ga ruwa a kai ga tonon asiri. In dole ta kama, ka ara wurin wanda zai karɓi abin da ya ba ka daidai, a rubuta, a sa shaida, ko da ɗan'uwa ne. Rubutun ba rashin yarda ba ne, zumunci yake karewa.

Noman rani kuma ka shige shi da alƙalami. Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015 kowa ya zama manomin shinkafa, kuma jihar ta yi suna, har aka yi shinkafar haɗin gwiwa da Legas. Amma wancan lissafi da fetur mai araha aka yi shi. Yau kafin ka zuba iri ka ƙirga litar da injin zai sha daga dashe zuwa yanka, ka haɗa da taki da 'yan ƙwadago da kuɗin casa, ka ga ko buhu nawa za su biya wannan. In kuɗinka na rabin fadama ne, ka noma rabi ka ba ta haƙƙinta, sauran ka ba wani aro ko ka zuba masara da kayan lambu da ba sa shan ruwa kamarta. Shinkafar da ruwa ya yanke mata tana fid da kai asara ce biyu. Waɗanda suka mai da injinsu na gas, ko suka haɗa kuɗi su uku su huɗu suka sayi mai aiki da hasken rana, ka je ka tambaye su yadda suka ƙare kafin ka yanke shawara.

Na ji kuma ƙanenka yana sha'awar bin samarin nan masu ɗaure jarkokin fetur a babur su bi ta daji su ƙetare iyaka. Ka hana shi da lallashi. Ko an bar maganar doka da jami'an kwastan da wutar da ke tashi in babur ya faɗi, kuɗi ne da ba a gina gida a kansu. Rana ɗaya aka cire tallafi ribar ta ragu, rana ɗaya za a iya ƙwace babur da kayan. Gara ya yi acaɓa tsakanin ƙauyuka ranar kasuwa, abin da ya samu kaɗan ne amma zai kwana a ɗakinsa.

Ƙananan ɓarakoki ka san su, ba sai na daɗe a kai ba. Katin waya, wanda aka yarda kamfanoni su ƙara wa kuɗi da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Cire kuɗi kaɗan-kaɗan wurin mai POS, kowane cirewa da ladansa. Shayi da burodi a majalisa alhali an dama kunu a gida. Cacar ƙwallo kuwa ba na ma son in ji an ambace ka da ita.

Wanda ya fi su duka cin rumbu shi ne biki. Mutum zai yi wata shida yana tattali, suna ɗaya ko aure ɗaya ya kwashe. Abin da addini ya nema a suna rago ne ga mai iko, a aure sadaki da walima daidai hali. Anko da kiɗa da akwatuna jere da gara mai cika mota mu muka ɗora wa kanmu, kuma kowa yana yi ne don tsoron bakin wanda shi ma tsoron yake ji. Lokacin aurar da ƙanwarka zai zo. Ka fara tara mata kayan ɗaki tun yanzu, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, kada ka jira sai an sa rana ka sayar da abincin shekara. In dangi sun yi gunaguni ka ce Baffa ne ya hana, ni na saba da bakinsu.

Akwai kuma inda ba a tsuke hannu, don tsukewar ita ce ɓarna. Binciken da aka yi a 2021 ya nuna kusan rabin ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi suna ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, a lokacin babu jihar da ta kai mu. Mu da ke bakin ruwa da fadama mun fi kowa sani. Gidan sauro a ɗaura shi kowane dare, ba a kai shi lambu a yi shinge ba. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina kyauta ne, a karɓa a kuma cika kwanakinsa. Allurar rigakafin zazzaɓin ma da Kebbi da Bayelsa aka fara ta a Disambar 2024, mai ɗakinka ta tambaya a asibiti in ta kai goyon awo. Yaro in ya yi zafin jiki a kai shi a gwada tun ranar, don jinkirin kwana uku shi ke mai da maganin 'yan ɗaruruwa ya zama ƙarin jini da hayar mota. Saboda irin wannan rana nake so ka riƙe akuya ko biyu a gida. Tana haihuwa, farashinta yana bin kasuwa, kuma ba ta da sauƙin kashewa a kan abin banza kamar kuɗin aljihu. Makarantar yara ma, ta allo da ta boko, kai malami ne, ba ni zan faɗa maka ba. Kada a cire yarinya daga aji a ɗora mata talla saboda ribar da ba ta sayen sabulu.

Na bana kuwa, tunda rumbu ya riga ya yi ƙasa, in albashi ya shigo ka fara sayen hatsin wata gaba ɗaya tun kuɗin ba su kwana ba, dawa ko masara, duk wanda ya fi araha, shinkafa ta zama ta Juma'a. Sannan ka ware na cefane mako-mako, sauran buƙatu su yi layi. In duk da haka abin ya ci tura, ni za ka fara zuwa wa kafin wani mai ba da kuɗi a kan hatsi. Akwai dawa a wurina, za ka mayar da kwano daidai kwano in an yi girbi. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci ka biyo ta gida da awon da surukata ta yi, mu ƙirga makonnin da suka rage kafin sabon gero ya shigo. Ka zo da ƙanen naka, ina da magana da shi a kan babur ɗin.